Django ko Laravel? Ina son haɗa wa kawuna manhajar ofishin kago a Jidda, ku ba ni shawara

ɗan_BabSharif

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya. Dan Allah shawara nake nema don wallahi kaina ya kulle. Kawuna yana da ofishin kago a nan Jidda wajen Bab Sharif, alhazai da 'yan kasuwa suna kawo kaya a auna a tura musu Kano ko Yamai, wani lokacin har Njamena. To har yau komai a littafi ake rubutawa, sunan mai kaya da kilo nawa ne da abin da ya biya da wanda zai karɓa a can, sauran kuma a WhatsApp. Lokacin Umarar azumi da bayan Hajji in ka shiga ofishin nan sai ka tausaya wa kawu, mutum goma na tsaye kowa yana tambayar ina kayansa suka kwana, shi kuma yana ta buɗe shafi yana neman suna, ga waya tana ta ƙara daga Kano. Bara akwai wata Hajiya da jakarta ta yi kusan wata biyu a mustauda, wato sito, saboda yaron da ya rubuta lambar ya rubuta ta a wani littafin daban, sai da aka yi ta ba ta haƙuri.

Shi ne na ce masa zan haɗa masa manhaja da za a riƙa buɗewa a burauza, a shigar da kaya a nan, wakilinmu na Kano ya gani a can ya danna cewa sun iso, mai kaya kuma ya sa lambar rasit ɗinsa ya ga inda aka tsaya. Kuma dole ta yi Larabci da Hausa, don biyu daga cikin ma'aikatan Larabci kawai suke karantawa. Ya ce bismilla, har ya faɗa wa abokansa.

Matsalar ita ce ban san da me zan gina ba. Na ɗan yi Python kamar wata biyar, na iya HTML da CSS daidai gwargwado. Duk bidiyon da na buɗe kowa da nasa, wannan ya ce Django, wancan ya ce Laravel ne ake neman aiki da shi, wani ya ce duk wanda bai koyi React da Next.js ba ya ɓata lokacinsa. Sati uku kenan ina sauke abubuwa ina gogewa, na sa XAMPP na sa Node na sa Docker, kwamfutar har wani nishi take. Laftof ɗin tsohuwa ce, Windows 10, RAM 4GB. Wanne firemwok (ginshiƙin da ake gina manhaja a kansa, irin su Django da Laravel) ne ya dace da ni, kuma ya zan shirya kwamfutar yadda zan fara aiki ba tare da na sake rikita ta ba? Allah ya saka da alheri.

ɗalibinMadina

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka riga ka ba kanka amsa a cikin tambayarka ba ka lura ba, ka ce ka yi wata biyar kana Python. To Django kenan, khalas. Wata biyar ɗin nan jari ne, in ka koma Laravel sai ka fara koyon PHP daga baƙi da wasali kafin ma ka taɓa aikin kawu, ga shi ka riga ka yi alkawari.

Kuma ba don Python ɗin kaɗai na ce Django ba. Aikin da ka kwatanta kusan dukkansa shigar da bayani ne da nemo shi da gyara shi, kuma Django yana zuwa da shafin admin a shirye. Kana rubuta model (tsarin bayanan da za a ajiye) na Kaya da na MaiKaya ka yi rajistarsu a admin.py, shi kenan ka samu fom na shigarwa da akwatin bincike da tacewa da shiga da kalmar sirri da izinin wa zai ga me wa zai gyara me. Wato wakilinku na Kano za ka iya ba shi izinin canza kaya kawai ba gogewa ba. Asalinsa ma a gidan jarida aka gina shi, Lawrence Journal-World a jihar Kansas ta Amurka, Adrian Holovaty da Simon Willison, aka sake shi ga jama'a a 2005, kuma dalilin admin ɗin kenan, 'yan jarida su riƙa shigar da labari da kansu ba sai sun jira mai kod ba. Abin da zai fi burge ka, admin ɗin an riga an fassara shi da Larabci kuma yana juyewa dama zuwa hagu da kansa in harshen ya koma ar. Ma'aikatan nan biyu ranar farko za su iya aiki da shi.

React da Next.js ka ajiye su tukuna. React ba ya ajiye maka bayani, fuska kawai yake zanawa, sai ka sake gina wani abu a bayansa, aiki ya zama biyu. Shafin da mai kaya zai sa lambar rasit ya ga kayansa, templet ɗin Django ɗaya ya ishe shi, kuma zai fi saurin buɗewa a wayar wanda yake Kano da ƙaramin data.

Batun kwamfuta kuma, fara da cire Docker yau ɗin nan. A Windows yana tada Linux ne a ƙarƙashi, da RAM 4GB ba za ka sha ba. XAMPP ma ba ka buƙatarsa. Abu uku kawai za ka sa, Python daga python.org da Git da VS Code. Wajen sa Python ka lura da ɗan akwatin nan na ƙasa da ke cewa a ƙara shi a PATH, ka danna shi, mutane da yawa a nan suke faɗuwa sai daga baya taminal ta ce ba ta san python ba. Sannan ka buɗe folda kamar C:\ayyuka\kago, kar ka yi aiki a Desktop musamman in sunan akawun ɗin Windows ɗinka da haruffan Larabci yake kamar yadda ake yawan saita kwamfutocin nan, wasu kayan aikin suna tuntuɓe da irin wannan hanyar folda. A ciki ka buga `py -m venv venv`, ka kunna shi da `venv\Scripts\activate`, sai `pip install "django>=5.2,<5.3"`. Na ce 5.2 ne saboda LTS ne, wato mai dogon tallafi, ya fito Afrilun 2025 kuma irinsa kusan shekara uku ake gyara masa ramukan tsaro, yana kuma son Python 3.10 zuwa sama. Shi venv ɗin nan kar ka raina shi, ɗaki ne na wannan aikin shi kaɗai, duk abin da ka sauke a ciki yake zama, in ya rikice ka goge foldar ka sake wata cikin minti biyu ba tare da ka taɓa sauran kwamfutar ba. Daga nan `django-admin startproject kago .` da `python manage.py migrate` da `createsuperuser` da `runserver`, ka buɗe 127.0.0.1:8000 za ka ga hoton roka, alamar ya tashi kenan. Databes (rumbun ajiye bayanai) ma kar ka sa komai yanzu, SQLite na zuwa tare da Python, fayil ɗaya ne kawai. PostgreSQL sai ranar da za ka ɗora a saba, wato kwamfutar da za ta riƙe manhajar a intanet.

A settings ka mayar da TIME_ZONE zuwa Asia/Riyadh, ka tuna awa biyu ne tsakaninmu da Kano, in ba haka ba za a yi ta gardamar yaushe aka karɓi kaya.

Injiniya_Riyad

Malam na Madina ya yi bayani mai kyau, ban ƙi ba, amma bari in faɗi ɗaya ɓangaren don kar yaron nan ya ɗauka Laravel wani abin banza ne. Shekara shida ina cin abinci da shi a nan Riyad. Taylor Otwell ya fitar da shi 2011, kuma a iya abin da nake gani a tallan aiki na ƙananan sharikoki da masu shagunan intanet, PHP da Laravel suna yawan fitowa, manyan wurare kuma .NET da Java. In burinka bayan aikin kawu shi ne ka riƙa karɓar kwangilar haɗa wa mutane shafi, to ka san da wannan. Maganar admin kuma, mu ma muna da Filament, ka sa shi da Composer ka samu fanel mai kyau da Larabci da juyin dama zuwa hagu. Kuma shirya shi a Windows yanzu ba wahala, Laravel Herd yana zuwa da PHP da Composer a haɗe, daga Laravel 11 ma SQLite ne databes ɗin da yake farawa da shi. Inda PHP ya fi sauƙi sosai shi ne ɗorawa, kusan duk hostin mai araha mai cPanel yana gudanar da shi. Django yawanci sai ka kama VPS, wato sabar haya, ka koyi gunicorn da nginx da sabunta satifiket, ko ka biya masu yi maka. Ba abin tsoro ba ne amma a faɗa masa tun yanzu kar ya gama gini ya tsaya a nan.

Duk da haka in ni ne kai, da Python a hannu da alkawari a wuya, Django zan ɗauka. Wanda ya iya ɗaya ɗayan ba ya ɗaukarsa wata biyu, don tunanin iri ɗaya ne, model da migireshan da hanya da templet, sunaye ne suka bambanta.

Abin da nake so ka ji da kyau, wanda ba ruwansa da firemwok, shi ne Larabci a rasit. Na taɓa yi wa wani mai mahal, wato shago, aiki, komai ya yi kyau a burauza, ranar miƙawa muka buga fatura (takardar shaidar ciniki) PDF sai haruffan suka fito a warwatse, kowanne shi kaɗai kuma daga hagu, ba a iya karantawa. Laburaren da na ɗauka ba ta iya haɗa haruffan Larabci ba, ni kuma ban gwada ba sai ranar ƙarshe. Kwana uku na yi ina sake wannan ɓangaren. Saboda haka a satin farko, tun kafin ka gina komai, ka yi shafi ɗaya ka rubuta suna da Larabci, ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ, ka sa lambar waya a tsakiyar jimlar Larabci, ka buga a firintar ofishin ka gani da idonka. Lambar waya mai + a gaba tana son juyewa a cikin rubutun dama zuwa hagu, maganinta ka naɗe ta da dir="ltr". Kuma wasu font ɗin Larabci ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai ka ga akwati a madadin ƙ. Shawarata ma ka manta da PDF a farko, ka yi rasit ɗin a HTML da CSS na bugawa, burauza ta buga, ita ta riga ta iya Larabci. Bootstrap 5 na da fayil ɗin rtl nasa daban, ka riƙa sauyawa gwargwadon harshe.

Sai bincike. Wani zai rubuta أحمد wani ya rubuta احمد, a wajen databes suna biyu ne. Haka Muhammad da Mohammed da Muhammadu. Kar ka dogara da suna, ka sa lambar waya da lambar rasit su zama abin nema.

ɗan_BabSharif

Kai, Allah ya saka muku da alheri yayyena, wallahi kamar an sauke min dutse. Na cire Docker da XAMPP da Node, kwamfutar har ta fara numfashi. Na tsaya a Django. Amma na maƙale tun a mataki na biyu, venv ɗin ya haɗu, da na buga activate a taminal ɗin VS Code sai ya fito da jan rubutu yana cewa running scripts is disabled on this system. Na sake gogewa na sake yi har sau uku, abu ɗaya. Ko Python ɗin ne ban sa daidai ba? Kuma Injiniya maganar firinta gaskiya ce, tamu irin ƙaramar nan ce ta rasit mai takarda siririya, ban ma taɓa tunanin gwada ta ba.

ɗalibinMadina

Ba Python ba ne, PowerShell ne, haka yake zuwa a kulle ba ya yarda a gudanar da sikirif. Ka buga `Set-ExecutionPolicy -Scope CurrentUser RemoteSigned` sau ɗaya ka ce Y, ko kuma ka canza taminal ɗin zuwa Command Prompt ta ɗan kibiyar da ke kusa da alamar +, a can activate yana tafiya ba gardama. In ya kunnu za ka ga (venv) a farkon layi. Duk ranar da ka buɗe kwamfuta ka ga an ce No module named django, kar ka sake sauke komai, duba farkon layin tukuna, sau tara cikin goma mantawa aka yi ba a kunna ba. Firintar kuma yawanci faɗin takardarsu milimita 80 ne ko 58, auna taku ka sa faɗin a CSS.

yar_Gadarif

Salamu alaikum. Ni daga Sudan nake, na ga maganar ta yi nisa amma akwai abin da ba a taɓo sosai ba, kuma shi ne ya fi min zafi a rai, wato Git, mai ajiye tarihin kod ɗinka, da GitHub inda ake tura kwafinsa a intanet.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Khartum lokacin da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023. Mun fito da kayan jikinmu, laftof ɗina ta zauna a ɗakin kwana ban sake ganinta ba. Aikin kammalawata da Django na yi shi, tsarin ajiye bayanan marasa lafiya na ƙaramin asibiti, wata bakwai ina kansa. Abin da ya cece ni wata ƙawata ce da ta matsa min tun farko sai na riƙa turawa GitHub, ina ma jin haushinta lokacin don gani nake ƙarin aiki ne. Da na iso Gadarif na ari kwamfutar ɗan yayata na yi clone, komai na nan har zuwa daren Alhamis ɗin da na tura na ƙarshe. Da yawa cikin 'yan ajinmu a flash ko a kwamfuta kawai suka ajiye, sun rasa komai. To ƙanina kai ba yaƙi a inda kake alhamdulillah, amma tsohuwar laftof ce da kai, hard disk ɗinta zai iya mutuwa kowace safiya. Yau ɗin nan kafin ka rubuta model ko ɗaya ka yi `git init`, ka buɗe ma'ajiya ta sirri a GitHub kyauta ce, ka yi fayil ɗin .gitignore ka sa venv da db.sqlite3 da .env a ciki. Shi SECRET_KEY da kalmar sirrin databes a .env suke zama, kar su taɓa hawa GitHub ko da ma'ajiyar ta sirri ce. Sannan `pip freeze > requirements.txt`, da wannan fayil ɗin kowace kwamfuta ka samu cikin minti biyar ka dawo da wurin aikinka yadda yake.

Amma ka gane, Git kod yake ajiyewa, ba bayanan kwastoma ba. Ranar da manhajar ta fara aiki littafin kawu ya koma databes, to kwafin databes ɗin kullum dare a wani wuri daban ya zama wajibi, kuma ka gwada dawo da shi sau ɗaya ka tabbatar yana buɗewa.

Na biyu, don 'yan uwa da ke karanta wannan daga wajenmu, Gadarif ko Kasala ko Mai Wurno ko Damazin, inda kahraba (wutar lantarki) ke zuwa ta tafi shabaka (intanet) ma haka. A Fabrairun 2024 an yi makonni wurare da yawa babu shabaka kwata-kwata. A irin wannan hali nauyin abin da za ka sauke shi ma yana cikin zaɓi. Django kansa bai kai megabait 10 ba, amma sabon aikin Next.js foldar node_modules ɗinsa ɗaruruwan megabait take ci, in layi ya yanke a tsakiya ka koma baya. Ni yadda nake yi, ranar da na samu shabaka mai kyau sai in buga `pip download -r requirements.txt -d kaya`, duk fakitin su sauka a folda ɗaya in kwafe a flash, daga baya ko babu intanet `pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt` ya wadatar. Littafin bayanin Django ma ana sauke shi dungurungum daga shafinsu, HTML ko PDF, ina da shi a waya. Kuma darasin da ke cikinsa na manhajar ƙuri'a, ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe da hannunka kana bugawa, ya fi maka bidiyo ashirin.

Wannan ya shafe ka kai ma ta wani gefen, wakilinku na Kano da na Yamai a waya za su buɗe, wataƙila a bakin sito inda sabis ke rawa. Kar ka cika shafin da manyan hotuna. In za a ɗauki hoton jaka, a rage girmansa kafin a ajiye, Pillow na yin wannan. Kuma tun kana gini ka riƙa gwadawa a wayarka, `python manage.py runserver 0.0.0.0:8000`, ka ƙara adireshin kwamfutar a ALLOWED_HOSTS, waya da laftof su hau wifi ɗaya, sai ka ga yadda maɓallan suke a ƙaramin allo da babban yatsa.

Baban_Ikram

Masha Allah, yaran nan kun yi ƙoƙari. 'Yata ta Gadarif, Allah ya kawo muku zaman lafiya, ya mayar muku da abin da kuka rasa. Ni ba mai kod ba ne sosai, muhasib ne, shekara goma sha huɗu ina riƙe wa mutane lissafi tsakanin Makka da Jidda, to ta nan zan sa baki.

Ɗana, kafin ka kira takardar da manhajarka za ta buga da sunan fatura, ka zauna da kawunka ka tambaye shi ko yana da rajistar dariba, wato harajin VAT. A nan Saudiyya VAT kashi 15 ne tun Yulin 2020, kuma wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000 rajista ta zama dole a kansa. Hukumar zakka da haraji, ZATCA, ta fara tsarin fatura ta lantarki ranar 4 ga Disamba 2021, mataki na biyu kuma na haɗa na'urarka da dandalinsu na Fatoora ya fara 1 ga Janairu 2023, ana shigar da 'yan kasuwa rukuni-rukuni gwargwadon cinikinsu. Ƙaramar faturar da ake ba kwastoma tana ɗauke da QR mai sunan mai sayarwa da lambar daribarsa da lokaci da jimlar kuɗi da adadin daribar. Mataki na farko mai sauƙi ne, na biyun akwai sa hannu na lantarki da XML, ba aikin mai wata biyar ba ne. In kawu yana da wata na'ura ko manhaja da yake fitar da faturar hukuma da ita, ka bar ta a inda take, taka ta zama ta bin sawun kaya kawai, ta buga takardar karɓar kaya mai lamba. Kar ka jawo wa dattijo garama, wato tara, da kyakkyawar niyya.

Sannan kuɗi. Na ga irin wannan sau da yawa, a biya rabi a nan da riyal a cika sauran a Kano da naira ko a Yamai da sefa. Riyal a tsaye yake, 3.75 a dala, amma naira yau daban gobe daban. Saboda haka kowane ciniki ka ajiye masa canjin ranar da aka yi shi a jikinsa, kar ka sa canji ɗaya a wani wuri da in an gyara shi tsofaffin lissafi duk su motsa. Wani yaro da ya yi mana irin wannan ya ce min a Django DecimalField ake sa wa kuɗi ba FloatField ba saboda halaloli, wato kwabban riyal, kar su riƙa ɓacewa, masana sa gyara min in na yi kuskure. Kwanan wata kuma ka ajiye da miladiyya, in ana son hijiriyya a nuna ta a fuska kawai bisa kalandar Ummul Ƙura. Kuma dan Allah ka sa maɓallin fitar da lissafi zuwa Excel, mu da shi muke aiki.

Na ƙarshe, kar ka karɓi hoton fasfo ko iƙamar mutane ka tara in ba dole ba. Akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan da ta fara aiki Satumbar 2023. Suna da lambar waya sun isa a kai kaya.

Injiniya_Riyad

Baba maganar DecimalField daidai ce, ba gyara. Na Excel ɗin kuma in CSV zai fitar ya rubuta shi da utf-8-sig, in ba haka ba yana buɗewa Larabcin da ƙ da ɗ duk su koma wasu alamomi. Hijiriyya akwai fakitin hijridate a Python, da lissafin Ummul Ƙura yake aiki. Sai abu ɗaya da na manta ɗazu, Windows 10 tallafinta na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoba 2025, don haka wannan laftof ɗin ta gini ce kawai, kar ka mayar da ita sabar ofis ka bar ta a kunne da bayanan mutane a ciki. In akwai hali ka ƙara mata RAM zuwa 8GB ka sa SSD, a shagunan kwamfuta na nan Jidda za a yi maka a tsaye in dai tana karɓa.

ɗan_BabSharif

Alhamdulillah ya kunnu, Command Prompt ɗin na koma, na ga (venv) na ga roka. Yaya ta Gadarif labarinki ya taɓa ni wallahi, ban kwanta ba jiya sai da na tura GitHub, Allah ya ba ku lafiya da zaman lafiya. Na yi model biyu, MaiKaya da Kaya, na sa su a admin na mayar da harshen ar, da safe na nuna wa ɗaya daga cikin ma'aikatan ya shigar da jaka uku da kansa ban ce masa komai ba, sai dai ya ce in ƙara wurin rubuta launin jaka don da shi suke ganewa a mustauda, abin da ni ban taɓa kawowa a raina ba. Baba na tambayi kawu, ya ce yana da rajista kuma akwai na'urar da yake fitar da fatura, to ba zan taɓa wannan ɓangaren ba. Na gwada firintar ma, Larabcin ya fito a haɗe lafiya lau, ƙ da ɗ sun fito, amma lambar wayar ta juye kamar yadda Injiniya ya faɗa, + ɗin ya koma ƙarshe, yanzu zan sa mata dir ɗin. Tambaya ɗaya ta rage, na buga makemessages don in fara fassarar Hausa sai ya ce bai ga msguniq ba, wai sai an sa gettext. A Windows ya ake sa shi?